Asayimen biyu na ƙanina, da mai tace wasan kwaikwayo na Landan

Ƙanina ne silar wannan rubutun. Yana aji uku a jami'a, sashen Turanci, sai ga kiransa wani dare wajen sha ɗaya muryarsa duk a dagule, wai Yaya an ba mu asayimen kan wasan kwaikwayon Ingila na zamanin su Shakespeare, sannan a wani kwas da ya aro daga sashen aikin jarida an ce su yi rubutu kan 'yancin 'yan jarida, duka biyun sati biyu aka ba su, ya je laburare littafin da malamin ya ambata kwafi ɗaya ne tak kuma wani ya ɗauke shi tun farkon zango bai dawo da shi ba. Ya duba farashinsa a intanet, da ya juya kuɗin zuwa naira sai ya ga ya haura abin da yake ci a wata. Na ce masa je ka kwanta, gobe in Allah ya kai mu zan zauna in ga abin da za a samu ba tare da an biya ko sisi ba.

Na zauna da niyyar awa ɗaya, sai da na kwashe kwana huɗu ina dawowa kan abin duk dare bayan isha'i. Kuma abin da ya riƙe ni shi ne tun a rana ta biyu na gane asayimen ɗin nan biyu ai abu ɗaya ne, wanda ya raba su kawai shi ne jadawalin jami'a.

Mu dai yadda aka koya mana Shakespeare a sakandare, a haddace sunayen 'yan wasa, a haddace wa ya kashe wa, a shiga jarrabawa a fito. Babu wanda ya taɓa ce mana kowane wasa da aka nuna a dandalin Landan a wancan zamanin sai da ya bi ta hannun wani jami'in fada ya karanta shi layi-layi ya sa hannu tukuna. Sunan muƙamin Master of the Revels, asali mai kula da shagulgulan fada ne, amma a 1581 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta faɗaɗa ikon mai riƙe da shi, Edmund Tilney, ya zama babu ƙungiyar 'yan wasa da za ta nuna sabon wasa sai da izininsa, kuma yana da ikon ɗaure wanda ya ƙi. Su masu wasan ne ma ke biyan kuɗin tacewar. A littafin lissafin Philip Henslowe, mai gidan wasa na Rose, za ka ga inda ya riƙa rubuta sule bakwai da aka kai don a ba wasa lasisi, kuma hotunan shafukan littafin nan suna nan kyauta a shafin Henslowe-Alleyn Digitisation Project. Duk wanda ya san yadda ake kai fim gaban Hukumar Tace Finafinai a Kano kafin ya shiga kasuwa zai gane tsarin nan take, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda na fi daɗewa shi ne wani wasa da ban taɓa jin sunansa ba sai a wannan satin, Sir Thomas More. Ba a buga shi ba a zamaninsa, rubutun hannu ne ya rage, yana ajiye a British Library, kuma mutane da yawa ne suka haɗu suka rubuta shi. Farkon wasan yana nuna tarzomar da aka yi a Landan ranar 1 ga Mayu 1517, lokacin da 'yan gari suka far wa baƙi 'yan ƙasashen waje da ke sana'a a birnin. A gefen shafin farko Tilney ya yi rubutu da hannunsa, ya ce a cire tarzomar ɗungurungum da dalilinta, a taƙaita ta a ɗan gajeren rahoto kawai, in kuwa aka yi saɓanin haka to duk abin da ya biyo baya su suka jawo wa kansu. Ya sa hannu a ƙasa. Wallahi da na ga hoton rubutun nan sai da na ajiye wayar na yi shiru, shekara ɗari huɗu da 'yan kai amma kamar jiya aka rubuta.

A cikin wannan rubutun hannun akwai shafi uku da mafi yawan masana suka yarda hannun Shakespeare ne da kansa, kuma in haka ne to su kaɗai ne suka rage na wani wasa da ya rubuta da alƙalaminsa. Me ke cikin shafukan? Jawabin da More, jami'in birnin da wasan ya ɗauki sunansa, ya yi wa masu tarzomar. Ya ce musu su ɗauka sun yi nasara, su hango baƙin nan da goyonsu a baya da 'yan komatsansu suna jan ƙafa zuwa bakin teku, sannan ya tambaye su, in da sarki zai kore ku daga ƙasar nan ina za ku, Faransa ko Sifaniya ko Fotugal, ai can ɗin ku ma baƙi za ku zama, za ku so a karɓe ku yadda kuka karɓi waɗannan? Wannan jawabin da ke kiran a ji tausayin baƙo yana cikin ɓangaren da mai tacewa ya ce kada a nuna.

To amma kada in zalunci Tilney, don na juya maganar a raina sosai. Tsoronsa ba na banza ba ne. A shekarun 1590 ƙyamar baƙi ta sake tashi a Landan, har a watan Mayu 1593 aka manna wata takardar barazana a jikin cocin 'yan Holan, aka kama marubucin wasa Thomas Kyd a binciken da ya biyo baya aka azabtar da shi. Mutumin da ke da alhakin zaman lafiya ya ga wasa zai nuna taron jama'a na farautar baƙi a gaban dubban 'yan kallo, dole gabansa ya faɗi. Mu da muka ga yadda jita-jita ɗaya ke tayar da gari mun san wannan fargabar. Abin da ya dame ni shi ne almakashin bai bambance guba da maganinta ba, ya yanke su tare. Wannan na gaya wa ƙanina ya sa a tsakiyar rubutunsa, don tambaya ce da har yau ba a gama amsa ta ba.

Daga nan sai labaran suka riƙa zubowa. A 1597 an nuna wani wasa The Isle of Dogs na Thomas Nashe da Ben Jonson, hukuma ta ce cike yake da tunzuri, aka jefa Jonson da wasu 'yan wasa biyu kurkukun Marshalsea, Nashe ya gudu daga Landan, wasan kuma ya ɓace har yau babu wanda ya san ainihin abin da ke ciki. Akwai wani rumbu mai suna Lost Plays Database da ya tattara duk wata shaida da ta rage kan wasannin da suka ɓace, kyauta ne, kuma a nan na gane cewa waɗanda suka ɓace sun fi waɗanda suka iso gare mu yawa nesa ba kusa ba. A 1605 Jonson ya sake komawa kurkuku tare da George Chapman saboda wasan Eastward Ho ya yi wa 'yan Sukotland ba'a, alhali sabon sarki James ɗan can ne. A 1606 majalisa ta yi dokar tarar fam 10 ga duk ɗan wasan da ya ambaci sunan Ubangiji da wasa a kan dandali, kuma za ka iya ganin sawun irin wannan tacewar da idonka: buɗe wasan Shakespeare Othello bugun 1622 da wanda ke cikin babban kundin wasanninsa na 1623 gefe da gefe a shafin Internet Shakespeare Editions na Jami'ar Victoria da ke Kanada, tun maganar farko ta Iago, mugun cikin wasan, akwai rantsuwa a na farkon, a na biyun an share ta, haka abin yake tafiya har ƙarshen wasan.

Tunda na ambaci Othello bari in ɗan ratse. A 1600 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ya aika jakadansa Abdulwahid bin Mas'ud zuwa fadar Elizabeth, ya yi wata shida a Landan, har zanen hotonsa aka yi da rawaninsa da takobinsa. Wannan al-Mansur ɗin shi ne dai wanda rundunarsa ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Ba shekaru da yawa tsakanin zuwan jakadan da rubuta Othello ba, kuma jarumin wasan Moor ne, sunan da Turawan lokacin ke kiran mutanen Arewacin Afirka da shi, shi ya sa masana ke yawan haɗa su a magana. Ni dai abin ya sa na ji duniyar wasan ta matso kusa da tamu fiye da yadda aka nuna mana a aji.

Sai labarin Richard II, wanda ƙanina ya ce shi ya fi burge shi. A wasan akwai wajen da ake tuɓe sarki daga mulki a bainar jama'a. Bugu ukun farko da suka fito Elizabeth tana raye babu wannan wajen a ciki, sai a bugun 1608 ya bayyana bayan ta rasu, masana sun rabu kan ko cire shi aka yi ko daga baya aka ƙara. Amma ga abin da babu gardama a kansa: ranar 7 ga Fabrairu 1601 magoya bayan wani babban basarake, Earl na Essex, suka biya ƙungiyar su Shakespeare ƙarin sule 40 don su nuna wasan tuɓe Sarki Richard a gidan wasansu na Globe, washegari Essex ya yi yunƙurin tawaye, yunƙurin ya ruguje, aka fille masa kai ranar 25 ga watan. An kira ɗaya daga cikin 'yan wasan, Augustine Phillips, ya yi bayani, ya ce su sun faɗa wa mutanen cewa wasan ya tsufa ba zai tara jama'a ba, ƙarin kuɗin ne ya sa suka yarda. Takardar bayanin nasa tana nan a shafin Shakespeare Documented, hoton asali tare da rubutun da aka kwafo don mai karatu ya iya bi.

Shi wannan shafin na ɗakin karatu na Folger ne da ke birnin Washinton a Amurka, kuma gaskiya in mutum zai riƙe suna ɗaya daga duk wannan rubutun to ya riƙe Folger. Suna da kwafi 82 na babban kundin 1623 daga cikin kimanin 235 da suka rage a duniya, sun sa duk wasannin Shakespeare a intanet a tsaftataccen rubutu mai lambar layi wanda za ka sauke ka karanta ko babu netiwok, sannan suna da wani sashe na daban mai bayanan wasanni sama da 400 na sauran marubutan zamanin, su Marlowe da Middleton da Webster da Dekker. A can na fara bin sawun A Game at Chess na Middleton, wanda aka nuna a watan Agusta 1624 kwana tara a jere, abin da ba a saba gani ba a lokacin, jama'a na tururuwa saboda yana yi wa Sifaniya da tsohon jakadanta Gondomar shaguɓe, har jakadan da ke kan kujera ya kai ƙara wajen Sarki James aka dakatar da wasan. Kuma mai tacewa na lokacin, Henry Herbert, ya riga ya ba shi lasisi fa. Wato sa hannun ma ba ya hana a waiwayo ka.

Ɓangaren buga littafi kuwa ya fi tsanani. Tun 1557 aka ba ƙungiyar masu ɗab'i ta Landan, Stationers' Company, ikon mallakar harkar buga littafi, ana rubuta littattafai a rajistarsu, kuma an sa wannan rajistar a intanet kyauta da sunan Stationers' Register Online. A 1579 wani lauya John Stubbs ya rubuta ƙasida yana adawa da shirin auren Sarauniya da wani basaraken Faransa, aka datse masa hannun dama a bainar jama'a a Westminster, shi da wanda ya rarraba ƙasidar. William Prynne shi kuma littafi ya rubuta yana tsine wa wasan kwaikwayo, aka ɗauka da matar Sarki Charles yake, aka yanke masa kunnuwa a 1634. Ka ga wanda ya rubuta wasa bai tsira ba, wanda ya zagi wasa ma bai tsira ba, abin da ake dubawa shi ne ko maganar ta taɓa fada.

Ranar 2 ga Satumba 1642 majalisa ta rufe gidajen wasa baki ɗaya da yaƙin basasa ya ɓarke, ba a sake buɗe su a hukumance ba sai 1660. A cikin wannan tsakanin ne asayimen na biyu ya shigo. Majalisar da ta rushe kotun Star Chamber a 1641, wadda da ita ake hukunta marubuta, ita ce kuma a watan Yuni 1643 ta kafa nata tsarin, babu littafin da za a buga sai mai tacewa ya amince. Marubuci John Milton ya mayar da martani a watan Nuwamba 1644 da ƙasidar Areopagitica, ya buga ta da sunansa a bango ba tare da neman izinin kowa ba. A ciki ya ce wanda ya kashe littafi mai kyau kusan daidai yake da wanda ya kashe mutum. Ya ce a bar gaskiya da ƙarya su yi kokawa a fili, wa ya taɓa ganin an kayar da gaskiya a karawar da ba a yi maguɗi ba. Ya ba da labarin ziyarar da ya kai wa Galileo a Italiya, ya same shi ya tsufa yana tsare saboda ra'ayinsa kan taurari ya saɓa wa na masu tacewa. Kuma ya yi wata tambaya da ta tsaya min a rai, wane irin mutum ne zai yarda ya ƙare rayuwarsa yana karanta rubutun wasu don ya sa hannu, in mai ilimi ne zai gaji ya bari, in ba mai ilimi ba ne to yaya za a ɗora shi alƙali a kan masu ilimi.

Turancin Milton yana da nauyi, jimla ɗaya sai ta ci rabin shafi, don haka kada ka fara da kwafin Project Gutenberg duk da cewa yana nan kuma fayil ɗin ƙarami ne ba ya cin data. Fara da John Milton Reading Room na kwalejin Dartmouth, can an bi ƙasidar da bayani, ka taɓa kalma ko sunan da ya shige maka duhu sharhinsa ya fito. Bayan nan akwai lakcocin Farfesa John Rogers kan Milton a Open Yale Courses, akwai guda sukutum kan Areopagitica, kuma an rubuta duk abin da ya faɗa a shafin, to in datarka ba ta kai ta bidiyo ba sai ka karanta rubutun kawai. Na wasan kwaikwayo kuma Farfesa Emma Smith ta Jami'ar Oxford tana da jerin lakcoci na murya, Approaching Shakespeare da kuma Not Shakespeare, ƙanina ya sauke su da garaɓasar data ta dare yana saurare a hanyarsa ta zuwa lakca. Gargaɗi ɗaya, in ka faɗa kan tsofaffin bugu irin na EEBO-TCP, rumbun tsofaffin littattafan Turanci a intanet, wanda aka saki rubutu kusan 25,000 daga cikinsa ga kowa a 2015, za ka ga rubutun kalmomi ya bambanta da na yau, u da v suna musayar wuri, a hotunan asali kuma harafin s dogo ne kamar f. Kwana ɗaya ido ke yi ya saba.

Abin da ban so ƙanina ya yi ba shi ne ya mayar da Milton waliyyi. A cikin ƙasidar da kanta ya ce haƙurin da yake kira a yi bai haɗa da 'yan Katolika ba. Kuma abin da yake yaƙa shi ne tacewa kafin bugu, ya yarda a hukunta marubuci bayan littafi ya fito in an same shi da laifi. Sannan a 1651 shi da kansa ya yi aikin sa hannu kan jaridar gwamnati Mercurius Politicus. Majalisa ma ba ta saurare shi ba, tsarin lasisin ɗab'i bai mutu a Ingila ba sai 1695, na dandalin wasa kuwa an sake ɗaure shi da dokar 1737 kuma bai kau ba sai 1968. Ni kaina maganarsa ta cewa gaskiya ba ta faɗuwa a kokawa ina sonta har zuciya, amma ina ganin yadda ƙarya ke zaga guruf ɗari na WhatsApp kafin gyara ya fito daga ɗaya, to dole in tambaya ko filin kokawar namu na yau babu maguɗi a cikinsa. Duk da haka in aka ce in zaɓa tsakanin wannan rikicin da hannun Stubbs a kan gungume, ban da wani dogon tunani.

Don ya kawo rubutun nasa zuwa yau na tura masa wurare kaɗan. Ƙungiyar Reporters Without Borders tana fitar da jadawalin ƙasashe 180 duk shekara tare da bayanin kowace ƙasa, Committee to Protect Journalists tana da rumbun sunayen 'yan jaridar da aka kashe tun daga 1992, shafin UNESCO kuma yana da Sanarwar Windhoek ta 1991 wadda 'yan jaridar Afirka suka rubuta a Namibiya, daga ita aka samo ranar 3 ga Mayu ta 'yancin 'yan jarida. Na ce ya karanta sashe na 22 da na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 da idonsa, ya kuma nemi labarin Doka ta 4 ta 1984 wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian a ƙarƙashinta, sai ya auna ta da bambancin nan na Milton tsakanin hanawa kafin bugu da hukuntawa bayan bugu ya ga a wane ɓangare ta faɗa.

Ya miƙa duka biyun ranar Alhamis da ta wuce. A na wasan kwaikwayon ya buɗe da rubutun Tilney na gefen shafi, a na jaridar ya buɗe da rufe gidajen wasa na 1642. Jiya da daddare ya turo min saƙo wai Yaya 'yan ajinmu su shida sun ce in tura musu wuraren nan, na ce ya tura, ya haɗa musu da jawabin More ɗin su fara da shi.